Ni da Maƙalar U. G. Nahuce

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta shekarar 1998 ba, kuma ko na so in manta, akwai mutane a Bungudu da suka ɗauki nauyin tuna mini da ita duk Sallah.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba. Ni mutumin Tsafe ne, ina cikin ƙananan ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato aka zube a Gusau, mu da kujerunmu da tsofaffin fayil-fayil. Ina da difloma a aikin injiniya, ina da jan babur, ina da biro jere a aljihun gaba (wasu ma ba sa rubutu, ado ne kawai). Abu biyu suka rage mini a duniya, ƙarin girma da aure. Saboda ƙarin girma na shiga wani kwas na ƙarshen mako da ake yi wa ma'aikata kan yadda ake tafiyar da ayyukan injiniya da fasaha. Saboda aure kuma nake hawa babur duk Juma'a bayan la'asar in nufi Bungudu wurin Rabi.

Rabi malamar firamare ce, mai saurin dariya, kuma ina son ta ƙwarai, babu wani kewaye-kewaye. Magana ta yi nisa tsakaninmu, abin da ya rage shi ne mahaifinta ya ba da izini in turo manya. Shi kuwa ya ce a dakata, zai yi bincike a kaina tukuna. Tun daga ranar na zama mutumin kirki na gaggawa. Sahun farko a masallaci, gaida duk dattijon da na gani a hanya, har da rage gudu da babur.

Bari in yi muku bayanin mahaifin nata, don kada ku ɗauki wautata fiye da yadda take. Duk Bungudu Alhaji Mai Famfo ake ce masa. Ni na ɗauka ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan famfo, don akwai tarin bututu da tsofaffin kawunan tuƙa-tuƙa a ƙofar gidansa. Rabi Baba take ce masa. Innarta Maigida take cewa. Kun dai san gidajenmu, 'ya ba ta kama sunan ubanta gatsau, ni kuma wane ni in dubi budurwa in ce, "Wai ya sunan babanki na yanka?" Ko a makarantar da take koyarwa Malama Rabi Bungudu ake kiranta. Sau ɗaya na taɓa zama gabansa a zaure, a durƙushe, kaina a ƙasa, har na fi sanin takalmansa da fuskarsa. Da ya miƙo hannu na kama da hannu biyu, a nan na lura yatsansa na tsakiya dungu ne. Ban tambayi dalili ba, kamar yadda ban tambayi komai ba.

To, a kwas ɗin namu akwai darasi guda da ya fi ba mu wahala, wato sharhin maƙalun bincike. Malamin shi ne Dakta Bitrus, mutumin Filato, gajere mai ƙaton gilashi, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu zaƙi. Yakan ba kowa kwafin maƙala daga mujallar masana, ka je ka karanta, ka dawo ka tsaya gaban aji ka faɗi abin da marubucin ya nema, hanyar da ya bi, inda ya dace, da inda aikinsa ya yi sako-sako.

A karo na farko an ba ni rubutun wani farfesa kan gyaran injinan gurzar auduga. Ni da aka rena a kan cewa babba ba ya kuskure, sai dai a ce ya manta, ta ina zan fara sukar farfesa? Na tsaya na ce marubucin ya yi ƙoƙari, ya yi zurfin tunani, samun irinsa sai an tona, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Na gama na zauna ina jiran tafi.

Dakta Bitrus ya cire gilashi ya dube ni. "Malam, ka gama? To ina kalangun? Ai roƙo ba ya daɗi babu kiɗa."

Aji ya tuntsire. Daga ranar sunana ya koma Maroƙi. Ko a wurin mai shayi sai in ji an ce, "Maroƙi, zo ka wasa ni in saya maka burodi." Dakta ya kira ni gefe ya ce, "Ba zagi nake so ba, ba kuma kirari ba. Ka tambayi takardar. Wa aka tambaya? Yaushe? A ina? Abin da aka ce an gano, ya fito daga abin da aka gani?" Na ce na gane. Gaskiyar magana rabin farko na zancensa bai shiga kunnena ba, don zuciyata tana can tana tafasa.

Maƙala ta biyu da ta faɗo hannuna ta wani ce mai suna U. G. Nahuce. Tana magana ne kan dalilin da ya sa famfunan tuƙa-tuƙa da ake kafawa a ƙauyukan Bungudu suke mutuwa ba da daɗewa ba, kuma babu mai gyara su. Marubucin ya kammala da cewa matsalar ita ce ba a damƙa famfunan a hannun masu gari tun farko. Na zauna da takardar nan kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kuma wallahi na samu. Ƙauyukan da ya ambata duk na bakin kwalta ne, babu na lungu ko ɗaya. Da damina ya yi zagayen, lokacin da rijiyoyi da rafuka suke cike, babu wanda ya damu da famfo. Sannan duk waɗanda ya tambaya maza ne, masu gari da dattawa, alhali mata ne suka san ranar da ruwa ya yanke a gida.

Da na tsaya a nan, da na fita da mutuncina, har da ɗan ƙari. Amma ni ba sharhi nake nema ba, so nake in binne sunan Maroƙi. Sai na ɗauko barkono na yi ta barbaɗawa. Na tsaya gaban madubi na gwada yadda zan ɗaga gira, na gwada inda zan yi shiru don a yi dariya.

Ranar Asabar na sa shaddata mai ruwan sama, na shiga aji da wuri. Na ɗaga kai. Ga Alhaji Mai Famfo zaune kusa da teburin Dakta, cikin farar babbar riga, yana jan carbi.

Yanzu ku gaya mini, me mai neman aure zai yi tunani? Mutum ya ce zai yi bincike a kanka, sai ga shi a ajinku. Na ce a raina, "Lallai dattijon nan ba ya wasa, binciken ya biyo ni har makaranta." Tsoro ya ɗan kama ni, sai kuma wani daɗi ya taso ya danne shi. Yau zai ga irin surukin da Allah ya kawo masa. Na rusuna daga nesa, ya ɗaga mini kai kaɗan.

Dakta Bitrus ya ce, "Yau muna da baƙo, amma ba zan gabatar da shi ba sai an gama, don kowa ya saki jiki ya faɗi ra'ayinsa." Na yi murmushin wanda ya san abin da sauran ba su sani ba. (In da za a mayar da ni ranar, wannan murmushin zan fara mari.)

Da Turanci muke yi, amma zan ba ku da Hausa don ku ji zafin yadda ya kamata. Na fara lafiya lau. Na kawo zancen ƙauyukan bakin kwalta, Dakta ya gyaɗa kai. Na kawo zancen damina, ya rubuta wani abu. Na kawo zancen mata, har ya ce, "Yauwa!" Na saci kallon Alhaji, na ga ya daina jan carbi ya tattara hankalinsa a kaina. Na ce to, kifi ya kama ƙugiya, bari in ƙara wuta.

"Jama'a," na ce, "da alama wannan bawan Allah bai taɓa fitowa daga mota ba. Gilashi kawai yake saukewa, ya tambayi mai gari, ya ɗaga, a ja."

Aka yi dariya. Akwai abokina Haruna a layin gaba, shi kaɗai bai yi ba. Haruna mutumin Nahuce ne, abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba. Ya fara tari. Ya zaro ido yana karkata kai wajen teburin Dakta. Ni kuwa na ɗauka hassada ce, don shi sharhinsa na makon jiya bai yi armashi ba.

"Irin wannan bincike," na ci gaba, "a ƙarƙashin fanka ake yinsa, da shayi a gefe. In da ni ne editan mujallar nan, da na mayar masa da takardarsa in ce a ba mai ƙosai."

Haruna ya miƙo ƙafa ya taka mini takalmi. Na janye ƙafata ban ko dube shi ba. Dakta Bitrus ya sa hankici ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa, ni kuma na ɗauka jin daɗin fasahata ne. Sai na kawo wadda na fi ji da ita, wadda na ɓoye don rufewa. Na juya sosai wajen Alhaji, don ya shaida, na ce:

"Kuma ina da tabbacin wannan U. G. Nahuce, ko wane ne shi, hannunsa bai taɓa riƙe sifana ba. Ga dattijo nan zaune, sana'arsa ke nan, ku tambaye shi in ƙarya nake."

Na zauna ina haki kamar wanda ya ci kokawa.

Dakta ya goge hawaye ya miƙe. "Madalla. Ka yi sa'a, ba sai mun je nesa ba. Jama'a, baƙonmu na yau shi ne Injiniya U. G. Nahuce, tsohon abokina, wanda ya yi ritaya daga aikin ruwa. Shi ya rubuta maƙalar, bari ya amsa da bakinsa."

Na ji fankar aji tana juyawa a cikin kaina. Na dubi ƙofa, ta yi mini nisa. Na dubi taga, akwai ƙarfe.

Alhaji ya miƙe a hankali, ya gyara hannun riga. "Ni da Hausa za ni yi," ya ce, "Turancin duk wanga yaro ya ƙare shi." Aka yi 'yar dariya ta tsoro. "Zancen hanya, gaskiya ta. Motar da anka ba ni ba ta shiga laka. Zancen damina ma gaskiya ta, sa'adda anka saki mai ke nan. Zancen mata, wanga mu bar shi sai wani zama. Amma zancen sifana..."

Sai ya ɗaga hannun dama, ya buɗe shi gaban aji, dungun yatsan nan yana tsaye a tsakiya.

"Wanga yatsa, bututu yac cinye shi a Karakkai, muna hiddo kan famfo daga rijiya. Ban sani ba ko a lokacin an yaye ka."

A nan ne ya kamata in ba da haƙuri kamar mai hankali, ko in yi shiru kamar mai kunya. Ni kuwa ƙafafuna suka yanke shawara ba da ni ba. Sai kawai na ga kaina durƙushe a gaban allo, da shaddata da birona, da rana tsaka, ina cewa:

"Baba, ina kwana?"

"Baba?" in ji Dakta. "Au, kun san juna?"

Alhaji ya koma ya zauna, ya ɗauki carbinsa. "Ɗiyata yaka nema," ya ce.

Ajin nan ya fashe. Wani ya faɗo daga benci. Wata Madam Grace da ke aiki a ofishin kuɗi ta dafe kai tana cewa, "Wayyo, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba!" Ban san yadda na fita ba. Na dai tuna ina ta buga babur yana ƙin tashi, ashe ban kunna makulli ba.

Juma'a ta zo ban je Bungudu ba. Wata ta zo, na tafi Tsafe na ɓuya. Ashe labari ya riga ni isa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Kawuna Ɗanjuma, wanda shi ne zai jagoranci neman auren, ya tare ni tun a ƙofar gida.

"Kai, mi nika ji? An ce ka tara mutane a Gusau ka zagi surukinka da Turanci, har ka ce bai da hannu?"

"Kawu, sharhi ne. Haka ake yi a makaranta."

"Sharhi? To je ka auri sharhin. Ni da wace huska za ni shiga zauren mutumen ga?"

A gaskiya na yi baƙin ciki a kwanakin nan, ba na wasa ba. Kunyar aji mai sauƙi ce, za ta wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na rasa Rabi da bakina, saboda son a ce na iya. Ina cikin haka Haruna ya same ni a ofis ya ce Alhaji na nemana. Ya ƙara da cewa, "Wannan karon in an taka maka ƙafa, ka tsaya."

Na isa Bungudu bayan la'asar, na kashe babur tun daga nesa na turo shi. Rabi ta leƙo daga soro, tana ganina ta toshe baki da mayafi.

"Rabi, don Allah me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Kuma ko ka tambaya, da wane baki zan hwaɗi sunan Baba?" Ta sake ƙyalƙyalewa. "Shiga, yana jiranka. Ina kwana!"

Na shiga zaure na durƙusa a inda na taɓa durƙusawa, na koma kallon takalman da na sani. Na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Mujallar tana gefensa a kan tabarma, bangonta ya koɗe.

"Tun da anka buga takardar ga," ya ce, "na raba ta ga manya da yawa. Kowa ya ce Allah shi ƙara basira. Na san ba wanda yak karanta, don da sun karanta da sun gyara famfo ko guda. Kai ɗai ka karanta ta har ƙarshe. Ka yi rashin kunya, amma ka karanta."

Na ci gaba da kallon takalmansa. Na koyi darasi, ko da na kwana biyu ne.

"Rashin kunyar, ka bar ta a makaranta, ba ta da amfani ko can. Takarda aka suka, ba mutum ba, don ba ka san mi yah hana shi ba. Sai zancen mata da nic ce mu bari. Kana da gaskiya, su ka sanin ranar da famfo ya mutu, su ka sanin abin da ya kashe shi. To amma kai da ka iya Turanci, gaya mini, ni ƙato da gemu, ta ƙaƙa za ni shiga gidajen mutane in zauna ina tambayar matansu?"

Na ce, "Ba hali, Baba."

"Ba hali. Kai ma ba ka da hali." Ya juya mujallar. "Sai dai in kana da mata mai ilimi, wadda ta iya magana da mutane, ta shiga ta tambayo maka, kai kana waje kana gadin babur. Ka ce ma kawunka ya zo. In rani ya yi sai ku sake aikin, ku bi ƙauyukan lungu, in gani ko naku za shi hi nawa."

Sai da na fito waje iska ta buge ni sannan maganar ta gama shiga kaina. Na hau babur na yi tafiya mai nisa ina dariya ni kaɗai, har wani mai amalanke ya kauce mini.

An ɗaura aure bayan girbi. A cikin kayan da aka kawo daga gidan amarya akwai wani ƙunshi na musamman da aka ce nawa ne, a buɗe gaban abokai. Na buɗe, sai ga tsohuwar sifana, baƙa wuluk, hannunta ya sha riƙo har yana sheƙi. Haruna ya kusa shiɗewa. Da rani kuma muka yi zagayen, Rabi a cikin gidaje, ni a gindin bishiya ina gadin babur kamar yadda aka tsara. Da muka rubuta namu, Alhaji ya karɓa ya yi masa jan biro tun daga kan take har ƙasa, bai bar layi ɗaya da lafiya ba. A ƙarshe ya rubuta cewa aikin wadda ta yi tambayoyin ya yi kyau.

Yau in ƙananan ma'aikata suka kawo mini rubutu in duba, nakan duba da gaske, ba na kirari, amma ba na taɓa hannun kowa. Kuma kafin in buɗe baki a kan kowace maƙala, sai na bincika ko marubucin yana da 'ya. Ita kuwa Rabi, har yanzu da jikokinmu, ba ta taɓa furta sunan ba. In na tsokane ta na ce ta faɗa sau ɗaya kawai, sai ta nuna mini sifanar da ke rataye a bango ta ce, "Kai da ka faɗa a gaban jama'a, me ka samu?"

Nakan ce, "Ke."